AKWATI NA SHA ƊAYA

Shafi na 7

Ku masu cika min waya da "Diep ina ci gaba, Diep ko kin mutu ne?", ban mutu ba. Mu a gidanmu ma yanzu na gane ba a cika mutuwa da gaske ba. Ku gyara zama.

Saura kwana uku mu kama hanya. Yaya Luan, wanda zan aura nan da wata biyu, ya riga ya karɓo motar haya mai kujera bakwai ya ajiye a ƙofar gidanmu, don lungunsu mota ba ta shiga. Makullin na rataye a ƙusa kusa da kalanda. Ni kuwa na shimfiɗa taswira a kan tabarma, ina ta zane da jan biro kamar wacce za ta kai sojoji yaƙi.

Tafiyar ba don mu ba ce, don iyayenmu mata ce. Mamata da Inna Thoa, mahaifiyar Luan, shekara sha takwas suna sayar da kifi kafaɗa da kafaɗa a kasuwar bakin ruwa, kuma babu wacce ta taɓa ƙetare iyakar lardinmu. Muka ce kafin hidimar biki ta cinye mu, bari mu ɗauke su mu bi hanyar gaɓar teku zuwa kudu, su ma su ga teku ba tare da kwando a ka ba.

Zango biyar na kewaye. Quy Nhon, duwatsun Phu Yen, Nha Trang, gandun dajin Nui Chua inda dutse da daji ke gangarowa har cikin ruwa, sai gandun Cat Tien a ƙarshe.

Zango na huɗun ne Mama ta tsana. Tun ranar da na ambaci sunansa take jero min dalilai. Yau ta ce zafin can yana kashe tsofaffi, gobe ta ce hanyar kwana-kwana ce za ta yi amai, jibi ta ce ta yi mafarkin haƙorinta ya faɗi. Ni duk na ɗauka rigimar tsufa ce.

Da azahar tana zaune tana ɓare tafarnuwa, sai Luan ya turo min hotunan jirgin da ya kama mana a wani ɗan lungun teku da ke gindin gandun Nui Chua. Jirgi ne mai gindin gilashi, kana zaune kana kallon kifaye da murjani a ƙarƙashin ƙafarka. Na matso kusa da ita da wayar, ina ta zuba kamar 'yar talla.

"Mama, duba ki gani. In kika ga wannan kika sake cewa ba ki zuwa, ni na haƙura."

Ta leƙa a yatsine. Na shafa hoto na ɗaya, na biyu, na uku.

A na huɗu kwanon tafarnuwar ya kife.

Hoton matuƙin jirgin ne. Tsoho baƙi siriri, furfura ta cinye kansa, yana miƙa wa wata baƙuwa hannu ta taka cikin jirgi. Bai ma san ana ɗaukarsa ba. An rubuta a ƙasa wai Tsoho Tam, ba ya yawan magana amma ya san kowane dutse a ruwan.

Na kalli Mama. Fuskarta ta yi fari fat.

Na sake kallon hoton, na buɗa shi da yatsu biyu. Hannun da ya miƙa na hagu ne, kuma babu ƙaramin yatsa da mai bi masa. Igiyar koma ce ta cire wa Babana waɗannan yatsun tun ban shiga makaranta ba. Da wannan hannun yake tsorata ni, ya ce kifi ne ya cinye su don na ƙi cin shinkafa.

A hankali na ɗaga kai na dubi teburin kakanni, inda muke ajiye hotunan mamatanmu. Hoton Baba na nan inda yake tun ina shekara tara, a bayan kaskon turare, da faranti na ayaba a gabansa. Gira iri ɗaya da ta tsohon. Kunne iri ɗaya mai ɗan lanƙwasa.

"Mama, wane ne wannan?"

Ta sunkuya tana tsintar tafarnuwa ɗaya-ɗaya.

"Mama."

"Ki cire zangon nan, Diep."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Ki kira Luan ki ce ba ni da lafiya. Ki ce duk abin da kika ga dama. Thoa kada ta taka wurin nan."

Da ta ce min kama ce kawai, mutane na kama da juna, da na yarda. Ina son in yarda. Amma ba ta ce ba. Ba ta ko tambaye ni ya aka yi ba, ba ta ƙwace wayar ta ƙura masa ido kamar yadda matar da ta ga mijinta ya tashi daga kabari za ta yi ba. Ni kaɗai ce a ɗakin nan nake mamaki, kuma wannan ne ya fi komai razana ni.

"Kin sani," na ce.

Ta ci gaba da tsintar tafarnuwarta.

"Tun yaushe?"

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta goge hannu a wandonta. Muryarta ta fito a bushe.

"Tun kafin a binne shi."

Ku da kuka taso nesa da ruwa, ku fahimce ni. Mu idan teku ta ci mutum ba ta dawo da gawa ba, ba ma barinsa yana yawo a iska. Ana kiran tsoho mai kiran kurwa, ya kwaɓa yumɓu ya gina mutum daidai kamannin mamacin, ya sa masa haƙarƙari na itace, ya kira sunansa a bakin ruwa har kurwar ta shigo, sannan a sa a akwati a binne. Jirgin Babana ya nutse da mutum goma sha ɗaya. Kaburbura goma sha ɗaya ke jere a kan tudun yashi bayan ƙauyenmu, na Baba a tsakiya don shi ne mai jirgi, na mahaifin Luan a damansa. A wurin nome ciyawar kaburburan nan ni da Luan muka fara magana, ina da shekara goma yana da sha biyu. Kusan zan iya cewa kabarin ne ya yi mana dalilin aure.

Mama ta fara ba ni labari tana kallon ƙofa, ba ta kallona.

Ta ce kwana ashirin bayan guguwar, saura kwana biyu a yi jana'iza, tana zaune da rana tsaka tana ɗinka mana fararen kayan makoki, sai 'yar wayarta ta yi ƙara. Lambar da ba ta sani ba. Ta ɗauka, ta ji numfashi, sannan ta ji ya kira ta da sunan da shi kaɗai ke kiranta. Kwana huɗu ya yi manne da ɗan kwale-kwalen nan namu mai kama da kwando, wasu masunta daga kudu suka tsince shi, ya yi mako biyu bai san inda kansa yake ba.

"To sai me?" na ce. "Sai ki fita da gudu ki faɗa wa gari! Ya rayu!"

"Na miƙe zan fita. Sai ya ce in tsaya in ji sauran."

Duk ƙauyen sun san injin jirgin ne ya mutu, guguwa ta riske su. Haka aka faɗa, haka muka girma muna ji. Mama ta ce injin lafiyarsa ƙalau. Rediyo ta yi gargaɗi tun da sauran lokaci. Mahaifin Luan ya ce a juya gida, ya faɗa sau uku, har ya kama sitiyari. Baba ya ture shi. Sun faɗo kan kifi irin wanda bai taɓa gani ba, ya ce kwana ɗaya tak za su ƙara, kuma jirgin nasa ne.

Na dafa taswirar da hannu biyu.

"Ya ce min zai dawo," in ji Mama. "Ya ce zai bi gida goma ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa, ya faɗa musu da bakinsa. Kin san halin ubanki, ba ya iya riƙe magana a ciki."

"Me kika ce masa?"

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni.

"Na ce masa ka riga ka mutu, ka zauna a mace."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Ta ci gaba, kamar wacce ta shekara sha takwas tana bitar maganar. Ta ce in tuna zawarawa goma, marayu ashirin da uku. Ta ce a matsayinta na matar mamaci, ita ɗaya ce daga cikinsu, ana kuka tare ana raba shinkafa tare. A matsayin matar wanda ya kashe su ya dawo da ƙafarsa, wa zai sayi kifinta, wa zai bar ɗansa ya zauna kusa da ni a aji? Ta ce ba ta da ko'ina a duniya sai ƙauyen nan, ni kuma shekarata tara.

"Don ke na yi."

"Kada ki ɗora min!" Ban taɓa ɗaga wa Mama murya ba sai ranar. "Shekara sha takwas ina durƙusa wa hoton mai rai! Ina kunna masa turare, ina roƙonsa ya taimake ni a jarrabawa! Ranar da Luan ya kawo gaisuwa, gaban hoton nan na tsaya ina kuka ina cewa Baba da ma kana nan!"

Ta sunkuyar da kai.

Abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya, ni da nake ganin kaina da wayo. Duk ranar tunawa da mutuwarsa Mama ce ke dafa komai, kaza, shinkafa mai danƙo, miyar kifin da yake so. Amma in an zo kunna turare sai ta miƙa min ashana, ta ce hayaƙi na tayar mata da tari. Matar da ke gasa kifi a kan gawayi tun safe har yamma! Ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kaina ba.

Sai kuma inabi. Duk shekara dab da sabuwar shekara kwali guda na koren inabi ke isowa ta motar kudu, ba suna. Mama ta ce wata tsohuwar abokiyar ciniki ce. Ni nake wanke shi, in zaɓi nonon inabi mafi kyau in ɗora a gaban hoton Baba, in kai wa Inna Thoa rabi a roba.

"Inabin nan..."

"Shi ne."

Na yi dariya, irin wacce ba ta da daɗin ji. Mutum ya aiko da inabi, 'yarsa ta ajiye masa a gaban hotonsa don kurwarsa ta ci, sauran kuma matar wanda ya hallaka ta cinye tana sa albarka.

Sai wani tunani ya daki ƙirjina. Kowa ya san ba a kiran kurwar mai rai. In aka kira ta shiga yumɓu aka rufe da ƙasa, mai ita ba ya kai shekara.

"Kin bari aka kira kurwarsa, kina sane yana numfashi?"

"A'a." Ta faɗa da sauri, karo na farko da muryarta ta tsage. "Na hana shi dawowa, amma ban kashe shi ba."

Ta ce ta je wurin tsohon mai kiran kurwa, wanda ya rasu shekaru bakwai da suka wuce, ta kama ƙafarsa ta faɗa masa gaskiya. Tsohon ya ce shi ba zai gina yumɓun mai rai ba ko za a yanka shi, amma kuma ba zai tona ta ba. Mutum goma ya gina. A bakin ruwa ya kira sunaye goma da ƙarfi, da ya zo kan na sha ɗaya sai ya buga ƙararrawa ya motsa baki kawai. Akwatin Baba a gida aka buga masa ƙusa, aka ce wa mutane matarsa ta roƙi a bar ta ta yi sallama da shi ita kaɗai.

"To me ke ciki?"

"Duwatsun murhuna guda uku. Na naɗe su da rigarsa don kada su yi ƙara."

Na koma na zauna.

Na gane abin da take nufi tun kafin ta ƙarasa. In wata rana aka ga Baba da rai, Mama na iya cewa ita ma yaudararta ya yi, ta yi kuka tare da sauran, a tausaya mata. Muddin akwatin nan na rufe, babu mai shaida a kanta. In aka buɗe aka ga duwatsu, kowa ya san ta sani tun ranar farko, kuma da saninta ta zauna kusa da Inna Thoa shekara sha takwas suna raba laima ɗaya.

Ta rarrafo ta kama hannuna. Tafinta na warin tafarnuwa.

"Diep, wata biyu ya rage. Ki ja layi a kan zangon nan, shi ke nan. Ku kai mu wancan gandun na Cat Tien mai birai, mu yi hoto mu dawo. Luan yaron kirki ne, yana sonki. In ya ji wannan, da wane ido zai dube ki? Kullum ya tashi da safe ya ga fuskar ubanki a kan matashinsa?"

Na tsani maganar, na kuma tsani yadda ta shige ni. Don ina son Luan, ba kaɗan ba. Ina kuma son in ga tsohon nan mai yatsu takwas, in mare shi, in rungume shi, ban san wanne zan fara ba. Na ɗauki jan biron. Na ɗora bakinsa a kan da'irar zango na huɗu.

A lokacin ne muka ji ƙarar babur a ƙofar gida.

Luan ya shigo ko hular kwano bai cire ba. Bai gaida Mama ba, shi da ko sau goma ya shigo a rana sai ya rusuna. Ya tsaya a bakin tabarma yana haki, idonsa ya sauka kan taswira, ya koma kan tafarnuwar da ke warwatse, ya tsaya a kan hoton Baba.

Ya ce bayan ya turo min hotunan ya nuna wa mahaifiyarsa, don ta ga jirgin da za ta shiga. Shi bai ga komai ba, tsoho ne kawai a jirgi. Amma ita ta karɓi wayar ta riƙe har allon ya mutu, ta ce ya sake kunna mata, ya sake mutuwa, ya sake kunnawa.

"Tambaya ɗaya ta yi min," in ji shi. "Ta ce, Luan, tun da kake zuwa gidan nan, ka taɓa ganin uwar Diep ta kunna wa mijinta turare da hannunta?"

Mama ta saki hannuna.

"Na ce ban taɓa lura ba. Ta ce ita ta lura, shekara sha takwas tana lura, tana ce wa kanta tari ne."

"Ina take yanzu?" Muryar Mama kamar ba tata ba.

"Ta ɗauki fartanya ta hau tudun kaburbura. Na riƙe ta, ta ce in na sake taɓa ta ba ita ta haife ni ba. Matar marigayi Kawu Sau da wasu zawarawan uku sun bi bayanta."

Mama ta yunƙura za ta tashi, ta koma ta zauna.

Luan ya cire hular a hankali ya ajiye. Ya durƙusa a gabana, daidai yadda yake durƙusawa in muna cire ciyawa a kan tudu. Idanunsa sun yi ja.

"Ba Mama zan tambaya ba, Diep. Ke zan tambaya. Tun muna yara ba ki taɓa yi min ƙarya ba, ko ta wasa."

Na ji Mama ta kama gefen rigata ta baya tana ja.

"Yashi ne a can, ba za ta daɗe ba ta kai ga akwatin. Ina so in ji daga bakinki kafin in ji daga ihunta. Me za ta tarar a ciki?"

Biron na hannuna har yanzu. Zan iya cewa ban sani ba. Minti talatin da suka wuce gaskiya ce.

"Duwatsu," na ce. "Guda uku."

Mama ta saki rigata.

Bai yi ihu ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya gyaɗa kai kawai, ya sake tambaya a hankali ko injin ne ya mutu da gaske. Ya kalli fuskata, ya kalli ta Mama, ya samu amsarsa.

Ya sa hannu ya zare taswirar daga ƙarƙashin biron nawa. Ya ninke ta gida huɗu, tsaf, ya sa a aljihu. Ya miƙe ya nufi kalanda, ya cire makullin motar daga ƙusa.

"Yaya Luan, ina za ka?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Kin tsara mana hanya mai kyau, Diep. Zango na huɗu ko?"

"Don Allah ka tsaya mu yi magana..."

"Ni ba zan tsaya a ukun farko ba."